Baƙar leda da nauyin zuciya

A makon jiya, a babbar kasuwar Maraɗi, na sayi tumatir da tattasai na dala ɗari, mai kayan miya ya zuba mini su a baƙar leda, ya ƙara wata a kai don kada ta fashe. Na karɓa ban ce uffan ba, alhali kwandon kabar da na saya musamman saboda wannan yana rataye a ɗaki.

Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, kuma da idona na taɓa ganin mahauci ya zaro dunƙulenta daga tumbin jar akuya, ta cure kamar tsumma. Duk da haka na miƙa hannu, kuma kafin in isa gida har na shirya wa kaina uzuri cewa leda biyu ba za su toshe magudanar ruwa ba. Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger, mutumin Amurka, ya yi bayanin wannan hali a 1957: idan aikin mutum ya saɓa wa abin da ya yarda da shi, zuciyarsa takan ƙuntata, sai ya nemi hujjar da za ta sauƙaƙa masa.

Ranar da na tuna da kwandon kuwa, wani abin ne daban yake kama ni, wanda a ganina ya fi wancan muni, domin nakan riƙa duban masu leda a raine. Ranar nan mai kayan miya ya lura, ya yi dariya ya ce, "Malam, yau kuma kai ne mai kwando?"