Kayan zaƙin Sinawa na Sabuwar Shekara: abin da na koya a kicin ɗin maƙwabciyata a Gwanzu

Duk wanda ya taɓa zama a Guangzhou, wato Gwanzu kamar yadda 'yan kasuwarmu ke cewa, ya san yadda garin ke komawa idan Sabuwar Shekarar Sinawa ta matso. Masana'antu su rufe, kago ya tsaya cak, Xiaobei, unguwar 'yan kasuwar Afirka, da kullum ba masaka tsinke ta yi tsit saboda kowa ya tafi garinsu. Bikin ba shi da tsayayyar rana a kalandar bature, da wata suke lissafi, yana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Na 2024 ya kama 10 ga Fabrairu, shekarar da muka zauna ba mu je gida ba kenan, kuma a nan ne wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ja ni kicin ɗinta. Ayi nake ce mata, haka ake kiran mace sa'ar uwa a can.

Tun kafin in taɓa komai na faɗa mata maganar man alade, don wallahi wannan ba abin wasa ba ne, kayan zaƙinsu da yawa da shi ake yi kuma ido ba zai nuna miki ba. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta san Musulmi, ai Gwanzu akwai masallacin Huaisheng da ke cikin mafi daɗewa a duk ƙasar Sin. Sai muka yi amfani da man gyaɗa da tukwanena. Shawarata ga duk 'yar'uwar da za ta gwada, ki faɗa tun farko, kada kunya ta hana ki, in kuma saye za ki yi a shago ki nemi tambarin halal ɗinsu da suke kira qingzhen.

Da niangao muka fara. Garin shinkafa mai danƙo ne, ba irin tamu ta tuwo ba, in kika sa gama-gari ba zai kama ba sam. Ta narkar da mazarƙwailarsu a ruwan zafi, irin mai falle-falle ɗin nan, ta bari ya huce sannan ta kwaɓa garin har ya yi ruwa-ruwa ba gudaji, ta tace, ta juye a faranti mai zurfi da aka shafa wa mai, aka turara fiye da awa guda. Da ya fito ta dasa jan dabinonsu ƙwaya ɗaya a tsakiya. Ni ina ɗokin ɗanɗanawa ta riƙe min hannu, wai sai ya kwana biyu ya yi tauri, sannan a yanka a tsoma a ruwan ƙwai a soya, waje ya yi ƙus-ƙus ciki ya yi laushi yana jawowa. Sunan nasa a kunnensu yana kama da a ce shekara ta ɗaga sama, shi ya sa ake cinsa da fatan bana ta fi bara, ɗan kasuwa ya ƙara riba, yaro ya ƙara tsawo da karatu. Yawancin ma'anonin nan nasu haka suke, ko daga amon suna ko daga siffa da kala.

Akwai wani ɓangare da ban shiga ba. A al'adarsu ta gargajiya akwai abin bautar murhu da suke cewa yana hawa sama ranar 23 ko 24 ga watansu na 12 ya kai rahoton mutanen gida, sai a ajiye masa abu mai zaƙi da danƙo don bakinsa ya yi daɗi ko ya manne. Na ce Ayi, wanda kika ajiye a wajen bauta ba zan ci ba, ta gyaɗa kai ta ware min nawa daban tun daga tukunya. Wannan mutuncin da ta yi min har yau yana raina.

Ranar suya ita ce babbar rana, su 'yan Kanton, wato mutanen yankin Gwanzu, har suna gare ta, buɗe kaskon mai, kuma tana tuna min daren da ake suyar dublan da alkaki na gara, mata an zagaye kasko hira na tafiya. Sai dai a nan akwai doka, ba a faɗin mugun abu a bakin kaskon, ba maganar mutuwa ba ta asara, jikanta da ya fara surutu sai da aka kore shi falo. Mun yi yau gok, 'yan ƙananan nan masu cikin dakakkiyar gyaɗa da riɗi da suga da kwakwa, ana naɗe bakinsu da yatsa kamar igiya, siffarsu ta jakar kuɗi ce don haka so ake su cika su yi ɓul-ɓul. Naɗin nan fa aiki ne, babban yatsa ke turawa manuni na tarewa, ita ko kallon hannunta ba ta yi.

Amma wanda ya fi burge ni jin deui ne, ƙwallon garin shinkafa da ake mirginawa a cikin riɗi. A jiƙa shi kaɗan kafin a sa a riɗin in ba haka ba duk zai zube a mai. Wuta ƙasa-ƙasa, in man ya yi zafi da yawa fashewa yake yana fantsama, kuma ƙonewar man nan ba daɗi. Da ya fara tasowa sai ta riƙa danna shi a hankali da bayan ludayi a jikin kasko tana juyawa, ta danna ta saki, ta danna ta saki, ina kallo abin da bai fi ƙwai ba ya kumbura ya kusa ninkawa, cikinsa fayau, kalarsa ta koma ta zinare. Suna da karin magana a kansa, wai jin deui na mirginawa zinare da azurfa na cika gida. Gaskiya a nan na gane wa matar nan siffar abin ta fi ɗanɗanonsa muhimmanci, wanda ya lotsa ko da ya yi daɗi ba ta sa shi gaban baƙo, a kicin ake cinye shi.

Sai akwatin baƙi, wani faranti mai murfi ja ko baƙi da aka raba gida shida ko takwas, ba a yin huɗu don lambar tana musu amo da mutuwa. Ciki akwai 'ya'yan bado da aka dafa da suga, fatan haihuwa kenan, da kwakwa ta haɗin kan kaka da jika, gyaɗa ta tsawon rai, ƙaramin lemon nan kumquat na arziki, da jajayen 'ya'yan guna da ake ɓarewa ana hira. Ba wani daɗi na a zo a gani ba ne wasunsu, zaƙin ya yi min yawa, amma baƙo ba ya fita bai ɗauki ko ɗaya ba.

Ranar 15 ga watansu na farko, bikin fitilu, da shi ake rufe hidimar, ranar muka yi tangyuan. Baƙin riɗi aka soya aka daka da suga, asali da man alade ake haɗawa, mu man shanu muka sa ya kuma yi kyau sosai, sai dai a sa shi a firji ya daskare kafin a naɗe in ba haka ba zai tsiyaye a hannu. A dafa a ruwa har su taso, a zuba a romon citta da mazarƙwaila. Zagayensa shi ne iyali sun taru ba wanda ya ɓace, kuma da ta zuba min na ga ta yi shiru, ɗanta yana aiki a wata ƙasa bai samu zuwa ba. Mutanen arewacinsu ba naɗewa suke ba, mirgina cikin suke a busasshen gari har ya yi kauri, su yuanxiao suke ce masa.

In za ki kai musu ziyara a kwanakin nan ki riƙe lemo mai ɓawo guda biyu, su ma za su mayar miki da biyu in za ki tafi. Kada dai ki kai fiya irin tasu mai ruwa, wadda bature ke ce wa pear, balle ki raba ta biyu da wani, rabuwa take nufi a wajensu.