Yadda guguwar Florence ta koro mu daga hanya

Ni fa ban tashi a bakin ruwa ba, in ban da kududdufin unguwarmu da dam ɗin Tiga da aka taɓa kaimu muna firamare ban san wani ruwa ba sai da zama ya kawo ni Maryland a Amurka. A wajen aiki na haɗu da wani dattijo Bature da ya kusa ritaya, yana da ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 36, shine ya fara jana duk Asabar har na iya jan igiya da riƙe sitiyari. Kyaftin nake ce masa.

A 2018 yace zai kai jirgin daga Annapolis zuwa Beaufort a North Carolina, in zo mu tafi. Matsalar ita ce hutuna a farkon Satumba ya faɗo. Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma tsakiyarsa, inda abin yafi muni, wajen 10 ga Satumba ne. Wato mun zaɓi makon da ko mahaukaci ba zai zaɓa ba. Ni na matsa, gaskiya, saboda hutu.

Munyi shiri fa, ba wai bamuyi ba. Mun yanke cewa ba zamu zagaya Cape Hatteras ta waje ba, wajen da ake kira maƙabartar jiragen Atlantika saboda tudun yashi na ƙarƙashin ruwa da kuma Gulf Stream, wani ruwa mai ƙarfi da ke gudana a cikin tekun, zamu gangara mashigin tekun Chesapeake zuwa garin Norfolk sannan mu shiga hanyar ruwa ta cikin ƙasa da ake cewa ICW, daga Norfolk zuwa Beaufort mil 200 da ɗoriya. Kyaftin ya shimfiɗa taswira a teburin kicin ɗinsa muka zana da'ira a duk inda zamu iya ɓuya in abu ya taso. Babbar maɓoyarmu ita ce can cikin kogin Neuse kusa da garin New Bern, nesa da teku sosai. Ni har daɗi naji, nace Kyaftin ai nan ko me ya zo ba zai same mu ba.

Abin da ya bani mamaki tun a teburin nan, da yake nuna min shafin cibiyar guguwa ta Miami, sai naga taswirar ta fara ne daga gaɓar Senegal. Yace min ai daga wajenku suke zuwa. Ashe hadarin nan na Agusta da ke tasowa daga gabas ya ratsa Chadi da Nijar da Arewa yana tafiya yamma, wani in ya faɗa teku ya samu ruwa mai ɗumi kamar digiri 26 zuwa sama sai ya fara juyawa ya zama guguwa. Ba duka ba, kaɗan ne daga ciki. Nace to Allah ya kyauta, na gudo daga damina ta biyo ni.

Mun tashi ranar Talata 4 ga Satumba. A lokacin guguwar Florence tana can tsakiyar teku bayan tsibiran Cape Verde, duk wanda ka tambaya a tashar jiragen sai yace za ta juya arewa ta ɓace. Kwana uku mukayi muna gangarowa, iska mai daɗi, dare yayi mu jefa anka mu dafa taliya. Duk awa shida cibiyar take sabunta rahoto, ƙarfe 5 da 11 na safe da kuma 5 na yamma da 11 na dare, ni da asuba in nayi sallah sai in jira na ƙarfe biyar. Kullum layin hasashen hanyar guguwar sai ƙara karkatowa yamma yake.

Akwai wani lissafi da matuƙan jirgi suke amfani dashi, wai ka ƙara mil 100 a gefen inda aka ce guguwa zata kasance nan da awa 24, mil 200 nan da awa 48, mil 300 nan da awa 72, duk abin da ya faɗa ciki kar ka kuskura ka shiga. Mun san lissafin sarai. Abin da bamu haɗa dashi ba shine gudun jirginmu, mil 5 ko 6 a awa, kuma a ICW ba a tafiyar dare ga jiran gadoji su buɗe, a yini in kayi mil 50 ka gode Allah. Kenan daga Norfolk sai munyi kwana huɗu kafin mu isa maɓoyar tamu, kuma tsakani akwai Albemarle, ruwa mara zurfi da in iska ta taso yake zama kamar ana girgiza kwano.

Nan muka ɓata Asabar da Lahadi a Norfolk muna musu. Ni ina cewa Kyaftin mu ƙarasa mana, ai mun ci rabin hanya, shi kuma yana shiru yana kallon waya. Wannan kwana biyun sune babban kuskurenmu, ba tafiyar ba. Da tun a gida mun rubuta cewa in ranar kaza muka ga Carolina a cikin hasashen kwana biyar to juyawa zamuyi babu magana, da ba a kai ga musu ba. A cikin ruwa mutum yana ganin abin da yake so ya gani ne kawai.

Ranar Litinin 10 ga wata da safe muka ga manyan jiragen yaƙi suna fita ɗaya bayan ɗaya daga sansanin sojan ruwa na Norfolk, suna gudu teku kafin guguwar ta iso. Ranar ce kuma Florence ta koma mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin guguwa na 1 zuwa 5. Kyaftin ya kalle ni yace, ɗana, in waɗannan basu tsaya ba mu me muke jira. Wallahi ban ce uffan ba, igiya kawai na kwance.

Muka juya arewa zuwa garin Deltaville a Virginia, yini guda cur da inji. A hanya yana ta buga waya wuraren da ake ɗaga jirgi a ajiye a tudu, duk an cika, wasu sun rubuta sunansu tun watan Mayu har sun biya kafin alƙalami. Mu kuma mun zo fafe gora ranar tafiya. Da kyar wani waje ya samu mana layi ranar Laraba. Kafin nan sai da muka cire duk ƙyallen iska, da rumfar baya, da ƙaramin kwale-kwalen roba, duk abin da iska zata iya kamawa, cikin zufa da sauro, hannuna har ya yi kanta. Inshorar ma da ya buɗe takardar sai ya tarar in guguwa mai suna ce tayi ɓarna, kason da zai biya daga aljihunsa yafi na kullum nesa ba kusa ba, shekara nawa yana sa hannu bai taɓa karanta wajen ba.

Sai kuma guguwar ta karkata kudu. Inda muke ɗan ruwan sama da iska kawai aka yi, har na fara jin haushin kuɗin da aka kashe. Ranar Juma'a 14 ga wata ta sauka kusa da Wrightsville Beach a gaɓar North Carolina, ta rage ƙarfi zuwa mataki na 1, nace to ashe ma abin bai kai ba. Da daddare a ɗakin otal muka kunna talabijin sai ga New Bern. Iska ta kwana tana turo ruwa cikin kogin Neuse har ya tashi wajen ƙafa 10, ana ciro mutane daga gidajensu, ga jiragen ruwa irin namu a kwance kan titi da bakin ƙofar mutane. Matakin nan na 1 zuwa 5 ƙarfin iska kaɗai yake aunawa, bai ce komai game da ruwa ba, kuma ita Florence tafiyar hawainiya ta riƙa yi tana zuba, wasu garuruwan sun samu ruwan sama fiye da inci 30.

Kyaftin ya ɗauko taswirar nan ya nuna min da'irar da na zana da hannuna, bai ce komai ba, ni ma haka.

Hutuna ya ƙare a Deltaville, motar haya muka ɗauka muka dawo. Shi ya ƙarasa da jirgin a watan Nuwamba tare da surukinsa, ni har yau ban ga Beaufort ba sai a hoto.