Asabar a kan jingar bayan unguwa

Da gari ya waye aka fara duba sandar da aka kafa a bakin ruwa jiya da magariba. Ruwa ya hau yatsa huɗu cikin dare, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Haka Kogin Haɗejiya yake in Agusta ta yi nisa: ruwan da ya sauka a ƙasar Kano, da rarar madatsun Tiga da Challawa, sai ya kwana da yawa a hanya kafin ya iso, ga ciyawar kacala ta cushe masa mafita can wajen Guri da Kirikasamma. Dole ya kumbura ya jingina da jinga. Tun ambaliyar 2022 ba mai wasa da wannan sandar.

Gayya ta haɗa mutum sittin da 'yan kai, da shebur, diga, baro da kwanon sarki. Matasa na ɗokin a fara jera buhu a sama, amma sai da aka bi gindin jingar ta ɓangaren gidaje taku-taku, don sau da yawa ta ciki take cinyewa kafin ruwa ya kai bakinta. An samu ramin gafiya biyu, da tsaga mai ratsawa daga kogi zuwa gari, da wani ido yana ɓuɓɓugar da ruwa kamar taku goma daga gindi.

Idon nan shi ya ci safiyar. Aka ɗebo ruwansa a kofin gilashi, sai ga shi ja, yashi na kwantawa a ƙasa. Da garau ya fito da sauƙi, tsattsafowa ce kawai. Mai laka kuwa yana nufin ruwa na kwashe cikin jingar ta ƙarƙashi. Wani yaro ya ɗauko buhu zai danna a bakin, wani dattijo ya tare shi: "A'a ɗana, in ka toshe nan zai ɓulla can, kuma ya fi haka ƙarfi." Sai aka kewaye shi da buhuna kamar bakin rijiya, faɗin taku biyu, aka bar 'yar kafa a sama inda zai malala. A layi na huɗu ruwan ya fara fita fari, nan aka tsaya. Nauyin ruwan da ya taru a cikin zoben ne ke danne na ƙasa.

Tsagar kuma ba a cusa mata ƙasa ta sama. An haƙe ta har inda ta ƙare, aka ƙara kamu ɗaya, aka yanka gefunan kamar matakala don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa. Ciyawa da saiwa duk an kankare, domin in sun ruɓe hanyar ruwa suke zama. Ana zuba yumɓu kaurin santimita 15, a daɓe, sannan a ƙara. Gwajin damshi a hannu yake: a dunƙula, in ya warwatse ya bushe da yawa, in ya yi ta ɗiga ya jiƙe, wanda ya tsaya curi shi ake so. Ramukan gafiya ma haka aka bi su har ƙurya.

Tifar farko zallar rairayi ta kawo. Bai yi ciko ba, ruwa ratsa shi yake, sai aka mai da shi na buhu. Masu baro kuma an kore su daga haƙa a gindin jinga, aka tura su nesa sosai. Kowa na son kusa saboda rana, amma yankar gindi ne.

Bayan azahar aka koma wurin da dabbobi suka tattake ya lotsa, tsawon mita 30, ana son a ɗaga shi santimita 60. Hakan na cin buhu wajen dubu biyu, saboda faɗin ƙasa sai ya ninka tsayi sau uku. Ba a cika buhu, rabi da ɗan ɗori ya isa, a naɗe baki a ƙarƙashi ba ɗauri, a jera a sarƙe kamar bulo, a taka kowane da ƙafa. Layin da wasu suka yi da buhu cike tam sai da aka warware shi, ya tsaya kamar kabewa ana hango haske ta tsakani. Aka shimfiɗa leda mai kauri ta fuskar kogi, ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa tana hawa kan ta gabanta yadda ruwa ba zai ɗage ta ba, aka danne da buhuna.

Buhu ya ƙare a dubu ɗaya da ɗari huɗu, saura sai gobe in mai unguwa ya samo na taki. An raba gadin dare, mutum huɗu-huɗu da tocila, a duba zoben nan kowace awa. Da magariba sanda ta nuna ƙarin yatsa biyu.