Godiyarmu ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar autarmu

Alhamdu lillahi. Autarmu ta gama shimiyo, wato shan maganin ciwon daji ta hanyar ƙarin ruwa, mun dawo gida Maraɗi, kuma likitocin Yamai sun ce a dubawar ƙarshe ba su ga wani sabon tsiro ba. Ni da mahaifiyarta muka ga ya wajaba mu yi wannan godiya a bainar jama'a.

Farkon wadda za mu ambata ita ce gwaggonta. Ita ta lura da wani farin abu na ƙyalli a tsakiyar idon yarinyar na dama, kamar idon kyanwa cikin dare, ta kuma dage cewa ba yanar ido ba ce, a kai ta asibiti. Ashe ciwon daji ne na ido, retinobilastoma, wanda galibi yara 'yan ƙasa da shekara 5 yake kamawa. Yaya, Allah ya saka miki da aljanna.

Tsiron ya riga ya girma, dole aka cire idon don kada ciwon ya bi jijiya ya kai ƙwaƙwalwa. Ranar da na sa hannu a takardar nan ba zan manta da ita ba. Daga nan aka shiga shimiyo, magunguna uku ta hanyar ƙarin ruwa: binkiristin, etoposid da karboplatin, zagaye-zagaye, da hutun makonni a tsakani. Kafin kowane zagaye sai an auna jini, in ya yi ƙasa a ɗaga. Gashinta ya zube, ga amai, abinci ba ya shiga sai kunu kaɗan a cokali. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da takan ɗumama hannun yarinyar cikin tafinta, tana yi mata wasa, har jijiya ta fito, don kada ta soke ta sau biyu. Baiwar Allah, mun ga wannan, kuma Allah ya gani.

Muna godiya ga samarin unguwa da suka ba da jini, da abokan kasuwa da suka riƙe mini shago ba su bar shi a rufe ba, da liman da jama'ar masallacinmu. Kawu a Yamai, kun ba mu ɗaki da tuwo, ba ku taɓa nuna gajiya ba. Surukata kuwa ita ta riƙe sauran yaran duk lokacin da muka kama hanyar Ƙonni da Doso. Inna, mun gode.

Jinya ba ta ƙare ba tukuna. Za a ci gaba da yi mata allurar barci lokaci-lokaci a leƙa cikin idon hagu, domin ciwon kan iya ɓulla a ɗayan idon, a kuma riƙa sauya idon roba yayin da take girma. Da yake wani lokaci ciwon na gado ne, an duba yayyenta, duk lafiya lau. Bayan salla za mu koma, muna roƙon ku ci gaba da sa ta cikin addu'a.