Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ganga a Hannu, Waƙa a Baki

A makon jiya na tsaya ne a inda muka gama koyon Sifaniyanci aka raba mu ajujuwa. Zancen aji zan tsallake shi, karatun likita ko'ina iri ɗaya ne. Waɗanda suka san gidanmu sun san abin da Baffa ya faɗa ranar da za a raka ni tasha, a tsakar gida, gaban kowa: "Ko Kyuba aka kai shi, jinin maroƙa ba ya ɓuya." Da Inna yake, don mahaifinta makaɗin kalangu ne na mahauta. Ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da ɗaure mini kilishi.

Da wannan magana a kunnena na shiga lungun Hamel da ke Havana wata Lahadi da rana. Can ake rumba, kiɗan ganga da waƙa da rawa na mutanen Kyuba, duk mako, bangon lungun cike da zanen Salvador González. Ganguna uku ne dogaye, ƙaramar mai zaƙin murya ana kiranta kinto, sai wani na dukan gora da 'yan sanduna. Amma wanda ya ɗauke mini hankali wani dattijo ne riƙe da itace biyu gajeru, kilabe, yana buga su yana waƙa ko gezau. Tsohon lebura ne na tashar jiragen ruwa, asalinsa garin Matanzas. Na bi shi har gidan hayar da yake, ɗakuna reras, famfo ɗaya a tsakar gida.

Na je ne da niyyar koyon ganga. Ya ce, "Dakta, wanda bai san waƙar ba, fata kawai yake duka."

To ina zan sami waƙar? Intanet a Kyuba a lokacin sai wane da wane, kuma littafin da aka tara baitocin ban gan shi ba. Kaset na samu na Los Muñequitos de Matanzas, ƙungiyar da aka kafa tun 1952, ina juya shi da biro don kada batir ya ƙare, ina rubuta abin da kunnena ya kama a bayan littafin darasi. Mutanen Kyuba suna haɗiye ƙarshen kalma, ga karin magana irin na unguwa wanda malaman aji ba su koya mana ba. Sai in kai wa dattijon, ya sa tabarau, ya soke rabin shafi. Wasu baitocin ma ba Sifaniyanci ba ne. Akwai na Lukumi, wato Yarbancin da bayi suka tsallaka da shi, akwai na Kwango, akwai na ƙungiyar Abakuwa da tushenta ke wajen Kalaba. Wani abokin karatuna Bayarabe ya tsinci kalmomi kaɗan, sauran ya ce ko kakarsa ba za ta gane ba. Sai 1886 aka soke bauta a tsibirin, saboda haka abin bai yi nisa ba, dattijon ya ce yana yaro ya ga tsofaffin da aka haifa cikinta.

Tun farko na gaya masa ni Musulmi ne, duk baitin da ke kiran abin bautarsu ba zai fito daga bakina ba, kuma kwalbar da ke zagayawa ta wuce ni. Ya ce rumba ta titi ce, ta zancen unguwa da soyayya da habaici, abin da ya rage ya ishe ni har tsufa. Ya riƙa nuna mini wanda zan tsallake da kansa. Ina so 'ya'yan Baffa da ke karanta wannan su ji da kyau, don na san abin da aka yi ta yaɗawa bayan na dawo.

Waƙar tana da tsari. Ana buɗewa da diyana, muryar da ba kalma cikinta, "a la la" ko "a na na", don 'yan amshi su kama sautin. Sai baiti, wani lokaci mai layi goma. Sai a faɗa amshi, mai waƙa ya jefa, jama'a su karɓe, nan ne masu rawa ke shigowa fili. Amshin bai ba ni wahala ba, da shi na tashi a gidan kakana.

Wahalar tana wajen haɗa baki da hannu. Kilabe bugu biyar ne, uku sannan biyu, na ukun yana ɗan jinkiri, kuma duk abin da ke filin a kansa yake tsaye. Waƙar kuwa ba ta zama kan bugun, tana shiga kafinsa ko bayansa. Da na buɗe baki sai hannu ya bi muryar, kilabe ya juye, kuma a wajensu babu abin kunya kamar wannan. Dattijon ba ya faɗa, ajiye itacen kawai yake yi ya kalli bango. Ya hana ni taɓa ganga. Tafi da amshi kaɗai, a tsaye, a tafe, har cikin doguwar bas ɗin nan mai tozo biyu da suke kira raƙumi, ina buga cinyata mutane na kallona. Daga nan ya ba ni babbar ganga mai riƙe ƙasa, wadda bugunta ba ya canzawa, ya ce in yi ta hira da shi ina bugawa. Sai ya tambaye ni sunayen ƙasusuwan hannu, in na tsaya tunani hannu ya tsaya, a koma farko. Ranar da abin ya zauna, Inna na tuna tana lugude tana waƙa, taɓarya na aikinta, baki na nasa.

A 2016, ina bakin aiki a asibiti, na ji a rediyo UNESCO ta sa rumba cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Baffa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban riƙe shi ba. Amma na so a ce ya ji. Jinin da ya ce ba ya ɓuya, shi ya buɗe mini ƙofofin da farar rigar likita ba ta buɗe ba, kuma takardar shaidata tana nan a bango, ban dawo hannu rabbana ba. Inna dai na kira ta a daren, na buga mata yambu a kan tebur ta waya. Rumba iri uku ce, yambu da gwagwanko da kolumbiya, yambu ne mai taushi a cikinsu, rawar tsofaffi, wanda asali da akwatunan katako ake kaɗa shi.

Yambu da gwagwanko na iya rera su ina kan ganga kafin hutun shekarar. Kolumbiya, mai gudu, wadda namiji ke rawarta shi kaɗai yana ja-in-ja da mai kinto, dattijon ya ƙi koya mini a Havana. Ya ce ta ƙauyukan rake ce, sai mun je Matanzas wajen ƙaninsa. Muka tsallaka ruwa zuwa unguwar Kasabalanka ta Havana muka hau jirgin ƙasan Hershey, kuɗin tikitin daga aljihuna. Abin da ya same mu a hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.