Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ɗakin Agiliti

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yanka mini gefen rumfarsa a kasuwar Mile 12 da ke Ikko, na fara sayar da albasa da kaina. Shekarun da suka biyo baya aure ne da haihuwa da bashi, ba zan ja su ba. Ɗakin Agiliti, wata unguwa kusa da kasuwar, nake so in faɗa, don shi ya hana ni barci daren jiya.

Ɗan garinmu ne ya samo mini shi. Ba zan kama suna ba, yana raye, kuma na san ana karanta masa. Ciki da falo, ga kasuwa kusa, kuɗin bai kai rabin na unguwar Ketu ba. Na biya na shekara biyu a dunƙule, yadda masu gidajen Ikko suke karɓa a lokacin. Da na kai Kawu ya gani, bai dubi rufi ba, bai dubi ƙofa ba. Durƙusawa ya yi ya kankare bango da farce daidai gwiwa, ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Kai yaro, araha ba ta ado."

Na ce, "Kawu, ai sabon fenti ne."

Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Mu 'yan Arewa ruwan sama muka sani. Hadari ya haɗu, a sheƙa, kwari ya cika, gobe ya janye. Ba wanda ya gaya mini a Agiliti ruwa kan zo sama garau, rana na dukan mutum. Unguwar a fadamar kogin Ogun take kwance, can sama kuma wajen Abeokuta akwai madatsar Oyan. In ruwan Satumba da Oktoba ya cika ta dole a buɗe ƙofofinta, ruwan ya gangaro yana neman teku. Mu ne a kan hanya.

Oktoban 2010 ne, tsakanin ƙaramar sallah da babba. Da asuba maiɗakina ta sauko da ƙafa daga gado ta ji sanyi. Ta kwata ruwan ya fara, ya biyo ƙasan ƙofa, baƙi ƙirin, da leda da duk abin da masai ya taɓa haɗiyewa. Kafin kwana uku ya kai ƙugu. Buhu tara na albasa na jibge a falo ina jiran ta yi tsada. Wanda ya san albasa ya san sauran labarin. Warin nan har yau in na tsaya kusa da bolar kasuwa sai cikina ya juya.

Daga Owode har Ajegunle da ke kan hanyar Ikorodu, kwalekwale ya zama mota. Gwamnati ta kwashi mutane zuwa sansanin Agbowa, ni na ƙi, don wa zai tsare mini rumfa? Iyali na ɗora a tirelar da ta sauke tumatir za ta koma gida wayam. Ƙaramar tana zazzaɓi, ƙafafunta duk ruwa ya cinye tsakanin yatsu. Uwarta ba ta yi mini magana ba har motar ta tashi.

Mutane suna haɗa wannan da ruwan ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011, wanda ya wuni yana zuba har aka rasa rayuka. Daban suke. Lokacin na koma Agege, kuma wancan ko ba komai ka ga hadarinsa. Kawu bai ga wancan ba, Allah ya ji ƙansa. Wata biyu na yi ina kwana a tabarmarsa, ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi. Araha ba ta ado, sau ɗaya ya furta, ni nake ta maimaita wa kaina.

Mai gidan ya ce ba shi ya kira ruwa ba, kuɗin wata goma sha huɗu ya tafi ke nan. Wannan ban riƙe shi ba sosai, baƙo ne a gare ni. Ɗan garinmu kuwa ya zo jaje har rumfa, ya ce ƙaddara ce, ya sha shayina. Sai daga baya wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da gawayi a layin ta gaya mini shi ne ya zauna a ɗakin kafin ni, kuma a kwalekwale ya fitar da kayansa. Har fentin da hannunsa ya shafa.

Shi ne ya aiko manya watan jiya, wai ɗansa yana neman ƙaramar tawa, mai ƙafafun nan. Amsar da na ba su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.