Zazzaɓin da ba ya jiran kwana biyu

A nan Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar jikin yaro ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne, a aika kasuwa a sayo ƙwaya wajen mai tebur, a jira kwana biyu a ga abin da hali zai yi. Sau da yawa sauron ne. Amma akwai zazzaɓin da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa bayan sun kutsa cikin jini, kuma wannan yakan kashe mutum mai ƙarfi tsakanin safiya da dare.

Ƙofofin shigarsu ba ɓoyayyu ba ne: cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta, belin da wanzami ya cire, mahaifar mai jego, miki a ƙafar mai ciwon suga, ciwon huhu ko na mafitsara da aka yi wa sakaci. Idan sun bazu, jiki yakan tashi yaƙi da su, sai dai yaƙin yakan wuce gona da iri har ya koma kan jikin kansa. Jijiyoyin jini su saki, ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙoda ta rasa rabonta fitsari ya ɗauke, huhu ya tara ruwa numfashi ya koma haki, mara lafiya ya rikice har ya kasa gane mahaifiyarsa. A wasu lokuta jini yakan daskare a ƙananan jijiyoyi, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, alhali a wani sashen jikin jini na zuba ba ya tsayawa. Wannan hali likitoci ke kira sefsis, kuma ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita ta nuna cewa a 2017 ya kama mutum kusan miliyan 49, ya kashe miliyan 11.

Mu da ke zaune a yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, muna da ƙarin dalilin sa ido, musamman daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara. Ƙwayar sanƙarau tana iya mamaye jini tun kafin wuya ya sanƙare, kuma alamarta ita ce ɗige-ɗige masu duhu waɗanda ba sa dusashewa idan an danna su. A fatarmu suna da wuyar gani, don haka a duba tafin hannu, tafin ƙafa da cikin fatar ido. Allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac, da ta iso Cadi da arewacin Kamaru a 2011, ta karya lagon nau'in A na ƙwayar, amma nau'o'in C da W da X suna nan. Yaron da ya ƙi nono, ya yi laushi, ko hannayensa suka yi sanyi jikinsa na zafi, asibiti ya kamata ya kwana, inda za a ɗaura masa ruwa a yi masa allurar kashe bakteriya ta jijiya, irin su ceftriaxone.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin waɗanda suka tashi. Ana sallamarsu, a yi hamdala, a ɗauka magana ta ƙare, alhali cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na bakteriya, ɗaya yakan rayu da wata illa: kurumta, farfaɗiya, raunin fahimta, ko yatsun da aka yanke. Masu sikila kuwa ƙwayar takan lafe a ƙashinsu ta yi ta ruɓa a hankali. Yaron da ya dawo gida ana kiransa ba ya waiwayowa, sai a ce taurin kai ya koya, ko a ce iska ce ta shafe shi, malamin allo kuma ya yi ta dukansa kan karatun da bai ji ba. Irin wannan yaro gwajin kunne yake bukata cikin makonnin farko bayan sallama, kuma iyaye su nemi a rubuta musu takardar gwajin tun kafin su bar asibiti.